Jaririyar da Aka Haifa da Ƙofa Ɗaya

Jama'a, lafiyayyar jaririya tana da ƙofa uku a ƙasanta: ta fitsari, ta farji, da dubura. Amma a cikin jarirai kamar 5,000, akan sami ɗaya da duburarsa ba ta buɗe a wurinta ba. Wannan ba aikin iska ba ne, ba kuma laifin uwa ba ne. Tun cikin yana ɗan wata biyu halittar ke kaucewa.

Likitoci sun raba matsalar iri-iri, domin kowane iri da aikinsa. Wanda ya fi yawa ga 'ya mace shi ne kashi ya riƙa fitowa ta wata 'yar ƙofa a bakin farji. Da yake kashi na fita, iyaye kan yi watanni ba su lura ba. Mai tsanani kuwa shi ne hanyoyin uku su haɗe, su fito ta ƙofa ɗaya tak. Likita zai auna tsawon wurin da suka haɗe. In bai kai santimita 3 ba, gyara ya fi sauƙi.

Akwai kuma abin da ido ba ya gani. Mahaifa daga bututu biyu take samuwa, waɗanda ke haɗewa su zama ɗaya. A wajen irin waɗannan yara, sau da yawa ba sa haɗewa. Sai a sami mahaifa biyu, ko farji mai shamaki a tsakiya, ko ɓangare ɗaya a toshe. Ruwa kan taru a farjin jaririya, ya danne hanyar fitsari har ya lalata ƙoda. Wani toshewar kuma ba ya bayyana sai yarinya ta balaga. Jinin al'ada ya rasa mafita, ta riƙa ciwon mara kowane wata. Saboda haka ko an yi mata aiki tana ƙarama, a mai da ita a yi hoton ciki da zarar ta fara ƙirgar dangi.

A nan ne ake ɓarna. An ga ƙofa a toshe, sai a kira wanzami ya yi yankan gishiri ko cire angurya. Aska ba ta san inda mafitsara take ba, ƙarshenta a jawo wa yarinya yoyon fitsari.

Ungozoma, ki duba ƙasan jariri ranar haihuwa, ki ƙirga ƙofofin. In kwana ɗaya ya wuce bai yi baƙin kashi ba, ko cikinsa ya kumbura, a tafi asibiti, kada a jira suna. Yawanci likita kan fara buɗe wa kashi hanya a gefen ciki, sai bayan 'yan watanni a yi babban aikin. Ana yin sa a asibitocin koyarwa, irin na Shika da na Malam Aminu Kano.