Zaɓen Giyabos Ga Tsohuwar Peugeot 504

A cikin shekarar 1975 ne wata mota ƙirar Peugeot 504, wadda Ove Andersson mutumin ƙasar Suwidin ya tuƙa, ta zo ta ɗaya a tseren motoci na Safari a ƙasar Kenya, bayan tafiyar fiye da kilomita 5,000 cikin taɓo da duwatsu. A wannan shekara kuma irin wannan mota ta cinye tseren Maroko da na Bandama a ƙasar Kwaddibuwa, sa'an nan a 1978 ta sake ɗaukar Safari a hannun Jean-Pierre Nicolas, da wani babban inji mai silinda shida. A 1975 ɗin ne dai masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara harhaɗa motoci, har 504 ta zama motar gwamnati, motar ma'aikaci, kuma motar haya. An daina ƙera ta a Kaduna shekaru da dama da suka wuce.

Ko da yake ta yi ƙaranci a kan titi, har yanzu akwai masu riƙe da ita a ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi, wasu sun saya ne a gwanjon gwamnati, wasu kuwa gado suka ci. Babbar matsalar mai irin wannan mota takan taso ne ran da giya ta fara tsalle tana fita da kanta, ko ta riƙa kuka in an sa lamba biyu. Daga nan sai shawara ta yi yawa, kuma ɗan fanshon da ya bi kowace shawara yana iya rasa kuɗin watanni a kan ƙarfen da ba zai zauna a motarsa ba.

Mafi yawan motocin 504 suna ɗauke ne da giyabos mai lamba huɗu wanda kamfanin ya sa wa suna BA7. Akwai ƙanensa mai lamba biyar, wanda aka fi samu a jikin 505, motar da ta fito a 1979. Akwai kuma BA10, wanda ya fi ƙarfi da nauyi, da aka yi domin manyan injuna. Na otomatik, ƙirar kamfanin ZF na Jamus, bai kamata mai zama a ƙauye ya kula shi ba, domin masu gyaransa kaɗan ne.

Shawarar da aka fi ji a gareji ita ce a sa mai lamba biyar, wai ya fi gudu kuma ya fi tsimin mai. Akwai gaskiya a ciki, amma rabinta ce. Lamba ta biyar tana rage juyin inji ne in mota ta riga ta miƙe a kan kwalta, kamar hanyar Katsina zuwa Kano. Mutumin Kuki kuwa, wanda motarsa ke fama da yashi da rani, ta yi fama da laka da damina, ga buhunan hatsi a but, rabin rayuwar motarsa a lamba ɗaya da biyu take ƙarewa. Zai yi wuya ya ci ribar abin da ya biya. Masu tseren Safari ma ba gudun titi suka sa a gaba ba. Abin da suka nema shi ne mota mai ja, wadda za ta fita daga rami ba tare da haƙoran giya sun kakkarye ba.

Wajibi ne kuma a tuna cewa giyabos ba shi kaɗai yake aiki ba. Ƙarfin da ya fito daga gare shi yana bi ta furofela zuwa aksul na baya, kuma lissafin haƙoran aksul ya bambanta daga mota zuwa mota. Na a-kori-kura da na doguwa mai ɗaukar fasinja an yi su ne domin jan kaya, na ƙaramar mota kuwa domin tafiya. In aka haɗa giyabos mai lamba biyar da aksul mai saurin tafiya, ga inji ya tsufa, sai direba ya tarar motar ba ta iya riƙe lamba biyar a ɗan hawa kaɗan.

Wani abin da ke kayar da mutane shi ne tsawo. A jikin 504 furofela tana cikin wani bututun ƙarfe ne wanda ya haɗe bayan giyabos da aksul, saboda haka babu wurin yin kwana. In sabon giyabos ya ɗara tsohon ko da kaɗan ne, sai an sami bututu da furofela da suka dace da shi. Bakaniken da ya ce zai yanke ya yi walda, a yi hattara da shi. Haka nan bakin da ke kama inji bai zama ɗaya ba tsakanin mai fetur da mai gas, kuma motocin farko sandar giyarsu a jikin sitiyari take, na baya kuwa a ƙasa. Saboda haka mai hankali yakan ɗauki tsohon giyabos ɗinsa ne ya tafi da shi kasuwa, ko Ƙofar Ruwa a Kano ko Fanteka a Kaduna, a jera su ƙasa a auna.

A kasuwar ma, fenti da wanki ba shaida ba ne. A kwance noti a tsiyaye man da ke ciki. In an ga ɓarɓashin ƙarfe yana ƙyalli, haƙora ko boris sun ci. A kama sandar gaba a girgiza, in tana lilo da yawa a ajiye. A sa kowace lamba da hannu, har da ribas, ana juyawa ana sauraro. Akwai kuma gwajin alli: a yi alama a sandar gaba da ta baya, a sa lamba huɗu, su biyun za su juya daidai da juna, a lamba biyar ta baya za ta riga ta gaba. Da wannan ake gane ko abin da mai shago ya faɗa shi ne a ciki. Kada a biya sai an yi sharaɗin mayarwa a gaban shaida.

Sau da yawa ma canjin bai zama dole ba. Giya mai kuka wajen shiga takan zama zoben tagulla ne da ke daidaita gudun haƙora ya cinye, ko kuwa kuloci ne ba ya saki sosai, kuma gyaran waɗannan bai kai kuɗin giyabos na hannu ba, wanda ba a san irin wahalar da ya sha ba kafin ya iso ta Kwatano. In an riga an sauke giyabos, ya kyautu a canja faifan kuloci da sil a lokaci guda, a kuma zuba irin man da littafin motar ya ambata, domin mai kauri da ake zuba wa manyan motoci yana sa giyar 504 taurin shiga da sanyin safiya.