Gaɓoɓin Kalmar "Kwamishina"

Kalmar kwamishina ta yawaita a bakin mutanen Sakkwato daga shekarar 1967, lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Arewa maso Yamma, birnin ya zama hedkwatarta. Asalinta kalmar Ingilishi ce, commissioner, wato saiwar commission da ɗafa-ƙeyar -er mai nuna mai aikatawa. A rubuce akan raba ta com-mis-sion-er, amma Bature ba ya ninka /m/ wajen furuci. Bahaushe kuwa yana bambanta baƙi ɗaya da ninkakke, don haka da daga takarda ya aro kalmar, da kwammishina za a ji. Kunne ya bi, ya sami gaɓoɓi huɗu masu tsarin baƙi da wasali: kwa-mi-shi-na.

Gaɓar farko ce ta fi jan hankali. Gajeren wasalin /o/ ba ya zama a tsakiyar kalmar Hausa, sai ya koma /a/, ya bar wa /k/ leɓantawarsa, kamar yadda ake gani a kwamiti da kwaleji da kwastan. Sunan birnin ma shaida ne ta ɗaya gefen, domin Sakkwato ce Turawa suka rubuta Sokoto. Ɗafa-ƙeyar -er ta zama -a, kamar a direba da lauya, saboda Turawan Ingila ba su furta /r/ ɗin ƙarshe.

Malamin da ya tilasta wa ɗalibi rabon gaɓoɓin Ingilishi a kan wannan kalma ya yi kuskure. Kalmar da ta yi jam'in kwamishinoni, ta kuma haifi kwamishiniya, dokar Hausa take bi.