Garka a kan daɓen siminti

Ƴan uwa manoma, a ƙasar Madarunfa kowa ya san amfanin noman rani. Tun bayan farin shekarar 1984 gwamnati ta ƙarfafa wa jama'a wannan aiki. Wanda ya je Jiratawa ko bakin tabkin Madarunfa, ya ga yadda fangali yake ciyar da gida. Amma ba kowa ke da fili a fadama ba. Wani tsakar gidansa daɓen siminti ne. Haka ma farfajiyar wasu makarantu da gidajen likita. To, a nan ma ana iya yin garka, cikin akwati.

Abin da za a fara sani shi ne, siminti ba ya shan ruwa. In ka zuba ƙasa a kansa ka yi ban ruwa, ruwan zai kwanta a ƙasa. Saiwa ta ruɓe, shuka ta yi rawaya, mai ita yana zaton ƙishi ne, yana ƙara mata ruwa. Don haka sai an ba ruwa hanyar fita.

A sami akwatin katako ko rabin tano. A huda gindinsa wuri da yawa, kowace huda ta shige yatsa. A rufe hudojin da tsohon buhu don kada ƙasa ta zube. Sa'annan a ɗora akwatin bisa tubala huɗu ko shida. Ta haka ruwa zai ɗiga ya wuce, iska ta ratsa ta ƙasa. Zafin siminti kuma ba zai ƙone saiwa ba. Wanda ya taka daɓe da rana tsaka ba takalmi ya san wannan zafi.

Mai son ginawa da tubali kai tsaye a kan daɓe, ya bar ƙofofi ƙanana a layin ƙasa, ta gefen da ruwa yake gangarawa.

Zurfi ya danganta ga abin shuka. Salati da alayyafo, santimita 20 sun isa, wato kamar taƙi ɗaya. Tumatir da tonka da yalo suna son santimita 40, kusan kamu ɗaya. Faɗi kada ya wuce mita 1, don hannu ya kai tsakiya.

Sai maganar ƙasa. Lakar fadama tana da ƙarfi, amma ita kaɗai cikin akwati sai ta daskare kamar tubali. Rairayi kuma ba ya riƙe ruwa. A haɗa su: kwarya ɗaya ta laka, ɗaya ta rairayi, ɗaya ta taki. Takin ya zama wanda ya ruɓe sosai, ya yi baƙi, ba ya wari. Ɗanyen kashin awaki ko na kaji yana ƙona dashe.

Kada a yi amfani da tanon da aka taɓa zuba maganin ƙwari ko baƙin mai. Abin da za a shuka, ci za a yi. Kada kuma a ɗora akwati bisa soron ƙasa. Mai tsawon mita 1, faɗin mita 1 da zurfin santimita 30 yana cin ƙasa lita 300, in ta jiƙe ta fi buhun gero huɗu nauyi.

Lokacin farawa shi ne bayan kaka, daga watan Nuwamba, sa'ad da sanyi ya shigo. Ƙasar akwati tana saurin bushewa, sai a riƙa duba ta safe da maraice. A tura yatsa ciki. In da laima, a bar ta. In ta bushe, a zuba ruwa sannu a hankali har ya fara ɗiga ta ƙasa. A kewaye wurin da darnin kara saboda awaki da kaji.