Yadda Yaro Yake Koyon Kari a Ƙasar Yauri

Abin da ake nufi da kari shi ne tsarin bugu da hutu wanda yake maimaita kansa a cikin kiɗa ko waƙa, har kunne ya san inda bugu na gaba zai faɗo. A Hausa wannan tsari ya dogara ne a kan nauyin gaɓa. Alal misali, "ruwa" da "kada" gaɓa sassauƙa ce a farko sannan mai nauyi, amma "kifi" da "jirgi" gaɓoɓinsu duka masu nauyi ne. Mai nauyi kuwa takan ci kusan lokacin sassauƙa biyu. M.K.M. Galadanci ya yi bayanin dangantakar wannan tsari da arulin Larabci a 1975.

To, amma yaron Yelwa ko na Wara ba da ƙirgar gaɓa yake farawa ba. Tun yana goye yake jin kari a jikinsa kafin ya ji shi da kunne. In uwa tana sussukar shinkafa, duk saukar taɓarya sai ta girgiza shi. In mata biyu ko uku suka haɗu a turmi ɗaya suna lugude, wannan ta ɗaga, waccan ta sauke, wata ma ta cilla taɓarya sama ta tafa kafin ta cafe, yaron yana sauraron bugu iri biyu a lokaci guda, kuma ba ya rikicewa. Da ya fara zama sai a kama hannuwansa a tafa masa. Daga nan sai dandali, inda 'yan mata suke gaɗa, wadda duk ta kuskure tafi a yi mata dariya. Dariyar nan ta fi bulalar malami saurin gyara.

Mutanen bakin Kwara, watau Gungawa da Shangawa da Sarkawa masunta, suna da wata makarantar kuma, ita ce jirgi. Matuƙa in ba su tsoma filafili tare ba, jirgi sai ya karkace. Wanda ya kalli tseren jirage a bikin Rigata ya ga haka da idonsa.

Sai dai an sami canji. Da aka gama madatsar Kainji a 1968, ruwa ya ci gungaye da yawa, aka ta da mutane fiye da 40,000 zuwa sababbin matsugunai. Daga baya inji ya karɓi rabo mai yawa na aikin turmi da na filafili, ga shi kuwa ƙarar inji ba ta da hutun da yaro zai cike da tafi.

Saboda haka malamin firamare a Shanga ko Ngaski bai kamata ya ɗauka kowane yaro ya zo da kunnensa a horar ba. Ya fara da tafi da taku, yaran su kira sunayen kifaye da na garuruwansu suna bugun benci, mai nauyi a ja, sassauƙa a tsinke. Rubuta gaɓoɓi a allo ya jira sai aji na gaba.