Amurka: Itacen kyauta da ɗawainiyar da ke bayansa

Da zarar ganyen bishiyoyi ya fara zuba a jihohin arewacin Amurka, ƙarar zarto mai inji kan cika ƙauyuka a ranakun ƙarshen mako, yayin da magidanta ke rige-rigen tara itacen da za su ɗumama gidajensu kafin dusar ƙanƙara ta sauko. Da yawa daga cikinsu ba sa biyan ko sisin kwabo a kan itacen shi kansa, to amma kafin gungume ya kai ga murhu sai an kashe kuɗi da ƙarfi da lokaci, wani sa'in ma har da jini.

Mai yiwuwa wasu su yi mamakin jin cewar a ƙasar da ta fi kowace haƙo man fetur da iskar gas a duniya har yanzu akwai masu shiga daji neman itace. A haƙiƙa dai ba don girki suke nemansa ba, don tsira daga sanyin hunturu ne. Alƙaluman hukumar ƙidayar ƙasar sun yi nuni da cewar gidajen da suka dogara kan itace wajen ɗumama ɗaki ba su wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ba, amma a jihar Vermont adadin ya zarce gida ɗaya cikin goma. Akwai kuma wasu miliyoyin da ke haɗawa da itace domin rage kuɗin mai ko na lantarki.

Daga ina itacen ke fitowa?

Hanya mafi sauƙi ita ce guguwa. Duk lokacin da iska mai ƙarfi ko nauyin ƙanƙara ya kayar da bishiya a harabar wani gida, mai gidan kan gwammace wani ya zo ya yanka ya kwashe, maimakon ya biya kamfani ɗaruruwan daloli. Su ma kamfanonin saran bishiyoyi kan juye gumagumai kyauta a ƙofar duk wanda ya nema, saboda kai su juji kuɗi ne. Ana samun irin waɗannan sanarwa a shafuka kamar Craigslist da Facebook.

Hanya ta biyu ita ce dazuzzukan gwamnatin tarayya, waɗanda yawansu ya haura 150. Hukumar kula da gandun daji kan ba da takardar izini a kan 'yan daloli kaɗan, a wasu dazuzzukan jihohin yamma kuwa kyauta. Sai dai da sharuɗɗa: busasshiyar bishiya ko wadda ta faɗi kawai ake taɓawa, itacen na amfanin gida ne ba na sayarwa ba, kuma wajibi ne salansar injin ta kasance da ragar tare tartsatsi, mutum ya riƙe shebur da na'urar kashe gobara. Idan fari ya tsananta akan taƙaita aikin ko a rufe dajin baki ɗaya.

Ma'aunin da ake amfani da shi shi ne kod, watau jerin itace mai tsawon ƙafa 8, faɗin ƙafa 4 da tsayin ƙafa 4. Ɗanyen itacen oak kod ɗaya ya fi tan biyu nauyi, kuma gidan da ke yankin sanyi kan ƙona kod da dama a hunturu guda. Kowane faskare kuwa sai an ɗaga shi an sauke sau da yawa: daga daji zuwa a-kori-kura, daga mota zuwa wurin faskare, daga nan zuwa rumfa, sannan zuwa cikin gida.

Zarto mai inji

Abin da ya sa mutum guda ke iya wannan aiki shi ne zarto mai inji. Bajamushen nan Andreas Stihl ya ƙera samfurinsa mai aiki da lantarki a shekarar 1926, sannan mai aiki da fetur a 1929, amma na farkon suna da nauyin da sai mutum biyu ke iya sarrafa su. Sai a wajajen 1950 aka samu wanda mutum ɗaya zai ɗauka. Sarƙar da ake amfani da ita a yau ta samo asali ne daga wani ma'aikacin katako a jihar Oregon, Joseph Cox, wanda ya lura da yadda tsutsar wani ƙwaro ke cin itace da lanƙwasassun haƙoranta, ya kwaikwaye su, ya fara sayar da sarƙar a 1947.

Injin ƙarami ne, ana gauraya masa fetur da baƙin mai, galibi kashi 50 na fetur da kashi 1 na mai, akwai kuma wani man daban da ke jiƙa sarƙar. Sarƙar na gudun kimanin mita 20 a cikin daƙiƙa guda, kuma a nan hatsarin yake. Idan saman bakin zarton ya taɓa wani abu mai tauri, ko gungume ya matse sarƙar, injin kan yi tsalle ya nufi fuska ko kafaɗar mai riƙe da shi kafin ya ankara. Cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ƙiyasta cewar kimanin mutane 36,000 ne ake kai wa sashen gaggawa na asibitoci a kowace shekara sakamakon raunin wannan na'ura, kuma hatsarin kan ƙaru bayan guguwa, lokacin da waɗanda ba su ƙware ba ke fitowa share hanya.

Saboda haka tun daga shekarun 1970 ake sanya wa injinan birkin da ke tsayar da sarƙa nan take. Akwai kuma wandon kariya mai cike da dogayen zaruruwa, waɗanda ke warwarewa su shaƙe injin idan sarƙa ta taɓa ƙafa, ga hular kwano da toshin kunne, kasancewar ƙarar ta isa ta lalata ji. Waɗannan kaya kaɗai na iya lashe kuɗin itacen kod guda, kuma abin takaici su ne masu neman arha suka fi saurin tsallakewa.

Faskare da jira

Bayan an yanka gungume gunduwa-gunduwa daidai tsawon murhu, sai faskare. Wasu na amfani da wani gatari mai kaurin kai, mai nauyin kilo 3 zuwa 4, wanda ke tsaga itace da nauyinsa maimakon kaifinsa. Wanda ƙarfinsa bai kai ba kan sayi ko ya yi hayar injin faskare, mai tura gungume a kan wani ƙarfe mai tsini da ƙarfin tan 20 zuwa 30.

To sai dai faskararren itace bai zama makamashi ba tukuna. Kusan rabin nauyin ɗanyen itace ruwa ne, kuma hukumar kare muhalli ta Amurka na ba da shawarar kada a ƙona shi sai damshinsa ya sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100. Hakan na ɗaukar aƙalla watanni shida, itace mai tauri irin su oak kuma shekara ɗaya zuwa biyu. Wanda ya yi gaggawa zai samu hayaƙi mai yawa da zafi kaɗan, sannan wata baƙar kunkunniya mai kama da kwalta za ta taru a bututun hayaƙi, wadda kan kama da wuta ta ƙone gida. Ke nan itacen da aka samu kyauta a bana na hunturun baɗi ne, kuma sai mai fili da rumfar ajiya ke iya wannan jira.

Ƙwaron da ya sauya doka

A shekarar 2002 aka gano wani koren ƙwaro ɗan asalin Asiya a kusa da birnin Detroit, wanda tsutsarsa ke cin ƙarƙashin ɓawon bishiyar ash har ta mutu. Daga lokacin ya hallaka miliyoyin bishiyoyi a jihohi fiye da 30. Ga masu neman itace wannan ya zama gaba ta kai su, domin matattun bishiyoyi sun yi yawa, ko da yake ƙwararru na gargaɗin cewar busasshiyar ash na saurin karyewa ta faɗo kan mai saranta. A ɗaya hannun kuma, itacen wuta na daga cikin hanyoyin da ƙwaron ya bi ya bazu, saboda mutane kan ɗauke shi a mota zuwa wurare masu nisa. Shi ya sa jihar New York ta haramta kai itacen da ba a gasa shi ba nesa da mil 50 daga inda aka sare shi, wasu jihohin kuma suka hana shigo da shi daga waje.

Waɗanda ba sa iya sara

Duk wannan ɗawainiya na nufin cewar waɗanda suka fi buƙatar itacen kyauta, watau tsofaffi da naƙasassu da matalauta, su ne suka fi kasa samunsa. Wannan ne ya haifar da rumbunan itace na taimako a jihohi irin su Maine da Vermont, inda 'yan sa kai ke yanka, su faskara, su busar, sannan su raba wa mabuƙata. Dokar samar da ababen more rayuwa ta 2021 ta ware dala miliyan 8 domin tallafa musu.

A jihar Arizona lamarin ya fi tsanani. Bayan rufe mahaƙar kwal ta Kayenta a 2019, iyalai da dama na ƙabilun Navajo da Hopi sun rasa kwal ɗin da suka saba ɗumama gidajensu da shi. A 2020 aka fara wani shiri na haɗin gwiwa tsakanin ƙabilun da hukumar gandun daji da wata gidauniya, inda ƙananan bishiyoyin da ake sarewa domin rage hatsarin gobarar daji, waɗanda a da akan tara a cinna musu wuta a dajin, ake loda su a manyan motoci zuwa garuruwan ƙabilun, matasa su yanka su faskara, su kai ƙofar gidajen dattawa.