Ba Kowace Masassara Ke Neman Kafso Ba

Duk wanda ya ratsa kasuwar Kornaka ran da take ci, ko wata daga cikin kasuwannin da ke tsakanin Maraɗi da Dakoro, lalle ya ga masu tallan magani da farantansu, an jera kafso ja da rawaya kusa da ƙwayar ciwon kai, mai saye ya nuna launin da ya saba sha, a yago masa biyu ko uku gwargwadon kuɗin da ke hannunsa, ya haɗiye nan take. Galibin kafson nan, irin su tetrasikilin da amokisilin, suna cikin jinsin da likitoci ke kira antibiyotik, wanda yake cikin mafi darajar abin da Allah ya hore wa masu ilmin ɗibbu, amma kuma babu maganin da ya kai shi saurin lalacewa in an yi israfi da shi.

Asalin mas'alar shi ne, ƙwayoyin cuta ba jinsi ɗaya ba ne. Akwai bakteriya, waɗanda su kaɗai ne antibiyotik ke kashewa. Akwai kuma birus, waɗanda ko an shanye kwali guda ba su san ana yi ba. To, murar hunturu, da mafi yawan tari da kaikayin maƙogwaro, da mafi yawan zawon ruwa na yara, duk aikin birus ne, jiki ne ke yaƙarsu da kansa in ya sami hutu da abinci da ruwa. Saboda haka mutumin da ya sha kafso don mura, ya warke bayan mako guda, ya shiga yabon kafso, ya jingina wa magani falalar da ba tasa ba, alhali murar da ma wa'adinta ne ya cika. Zazzaɓin cizon sauro kuwa, wanda ke cika gidajen likita daga tsakiyar damina zuwa kaka, wata halitta ce dabam ke kawo shi, ɗigon jini guda daga yatsa ya isa a gane shi, maganinsa kuma dabam ne.

Sai dai kada mai karatu ya zaci ana hana maganin ne gaba ɗaya, domin akwai wuraren da ba da shi ya zama wajibi, jinkirta shi kuma ganganci. Idan yaro yana tari, uwa ta bari sai ya natsu ba ya kuka, ta ɗaga rigarsa, ta ƙidaya tashin ƙirjinsa minti guda cur: in ya kai 50 ga ɗan wata biyu zuwa shekara, ko 40 ga ɗan shekara ɗaya zuwa biyar, ko ta ga ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa duk sa'ad da ya ja numfashi, to cuta ta sauka huhu, a gaggauta kai shi likita. Haka nan zawo mai jini, wato atuni. Haka nan zazzaɓi da sandarewar wuya a lokacin bazara, wanda ke nuna sanƙarau, cutar da ta kama mutum fiye da 8,000 a Nijar a 2015, wadda allura take bukata, ba kafson faranti ba. Jinjiri ɗan ƙasa da wata biyu da jikinsa ya yi zafi ko ya ƙi nono, shi ma ba a kwana da shi a gida. Amma zawon ruwa zalla, ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zinki na kwana 10 zuwa 14 su ne haƙƙinsa.

Wanda ke zaton hukuncin nan mai sauƙi ne, ya dubi irin tahƙiƙin da masana suka yi a Nijar. Tsakanin 2012 da 2013, cibiyar Epicentre ta ƙungiyar likitoci ta MSF ta bi yara 2,412 masu tamowa mai tsanani a gundumar Madarumfa, aka ba rabi amokisilin kwana bakwai, rabi kuma abin da ya yi kama da shi amma babu magani ciki. Waɗanda suka murmure sun kai wajen 66 cikin 100 a kashin farko, 63 a na biyu, bambancin da masanan ba su ɗauke shi hujja ba, ko da yake waɗanda suka sha maganin ba a kwantar da su asibiti da yawa kamar sauran ba, kuma har yanzu fatawar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a ba irin waɗannan yara. A Boboye da Loga kuwa, cikin jihar Doso, an riƙa ba yara azitiromisin sau biyu a shekara, aka bayyana a 2018 cewa mace-macensu ya ragu da kimanin 18 cikin 100, amma bayan haka aka tarar ƙwayoyin da ke bijire wa maganin sun ƙaru. Idan har malaman fannin sai da suka auna dubban yara kafin su yi ijtihadi, kuma duk da haka da sauran saɓani tsakaninsu, ina hujjar mai faranti da ke yanke hukunci da kallon fuska?

Bijirewar nan ita ce babbar illa. Wanda ya sha kafso uku ya bari, ya kashe raunana ne cikin ƙwayoyin, ya bar ƙarfafa su hayayyafa, tamkar manomin da ya yi noman farko sama-sama ya bar saiwar ciyawa, sa'an nan su bi hannu da ruwa da kwanon ci su shiga maƙwabta. Alexander Fleming, wanda ya gano penisilin a 1928, da bakinsa ya yi gargaɗi a 1945 kan hatsarin shan abin da bai kai ƙima ba. Wani bincike a cibiyar jinyar tamowa a Maraɗi, wanda aka buga a 2011, ya tarar kusan kashi ɗaya cikin uku na yaran sun zo da irin waɗannan ƙwayoyi tun daga gida. An kuma ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 1.27 suka rasu a duniya saboda maganin da ya daina ci, kuma Afirka ta Yamma ce musibar ta fi yi wa nauyi.

Adalci ne a faɗi cewa talaka yana da uzuri: ƙauye da nisa, amalanke ba kullum ba, kuma ko da yake tun 2006 hukuma ta ce jinyar yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta ce, sau da yawa akan je a tarar magani ya ƙare. Masu mulki su ji wannan, nauyinsu ne. Ku kuma iyaye, in majo, wato ma'aikacin jinya, ya duba yaro ya ce mura ce, ba ta son kafso, kada ku ce ya yi muku rowa ku biya ta wurin mai faranti. In kuwa ya rubuta, a sha bisa ƙa'ida har kwanakin su cika, kada a ajiye saura don ƙanen yaron.