Tungar Masunta A Bakin Tafkin Kainji Bayan An Watse

Duk wanda ya san tungayen masunta na bakin Tafkin Kainji da hunturu, in ya koma cikin watan Yuli sai ya yi tsammanin ɓatan kai ya yi. Bukkoki suna nan, amma yawancinsu a ƙulle. Murhun banda ya huce, taruna suna rataye, ruwa kuwa ya ja baya har sai an taka taɓo kafin a tarar da shi. Magidanta sun tafi gona, sai tsofaffi da masu gyaran jirgi aka bari.

Wannan tafki ba na asali ba ne. Cikin 1968 aka gama madatsar Kainji bisa Kogin Kwara, ruwa ya cinye tsohuwar Busa, aka sāke wa mutum wajen 44,000 mazauni. Sau biyu ruwa yake shigo masa a shekara. Akwai farin ruwa, watau na daminar ƙasashen kusa, mai zuwa daga Agusta. Akwai kuma baƙin ruwa, wanda yake tasowa daga duwatsun Gini, ba ya isowa sai wajen Disamba. Bayan wucewarsa injunan lantarki suna ta sha, har tafkin ya sauka kusan mita 10.

Saukar nan tana da amfani. Inda ruwa ya janye akan yi shuka, Fulani kuma su kawo shanu su ci burugu. Amma a lokacin ne kututturan itatuwan da tafkin ya binne suke matsowa kusa da fuskar ruwa, jirgin da ya yi karo da su kuwa sai ta Allah. Mutanen wurin ba su manta da wani watan Mayu ba. Shekarar 2021 ce, sa'ad da jirgi maƙare da fasinja ya nutse kusa da Wara ta Jihar Kebbi, mutane da yawa suka halaka.

Saboda haka baƙon da ya zo a wannan lokaci ya fara gaida Sarkin Ruwa, ya tambayi lafiyar hanya, domin 'yan bindiga sun addabi dajin Borgu. Kada ya shiga jirgi ba rigar ruwa, kada kuma ya yarda a tashi da shi bayan magariba.